Shekarar da Na Ajiye Nasiru a Benci

Ku 'ya'yana, na san yadda labarin nan ya iso kunnuwanku. Kun taso kuna jin ana cewa Malam Idi ya cire ɗan cikinsa daga ƙungiyar ƙwallo ya sa 'ya'yan wasu, kuma da yawanku kun ɗauka taurin raina ne kawai. Ban taɓa kare kaina ba, saboda wani alkawari da na yi wa Innarku. Bana da na ce mata zan rubuta abin da ya faru, sai ta ce in rubuta, shekaru sun ja, babu wanda maganar za ta cutar yanzu. To ga shi nan, da abin da na yi daidai da abin da na ɓata.

A wancan lokacin da safe ina koyarwa a firamare, da la'asar kuma ina horar da ƙungiyar unguwarmu a Kazaure. Gindin Dutse muke kiranta, don filinmu yana ƙarƙashin wani dutse ne da 'yan kallo ke hawa su zauna. Bayan an gama girbi ake yin gasa tsakanin ƙungiyoyin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kowa ya je gidan kowa, wadda ta zo ta ƙarshe a fitar da ita wata ta shigo. Mun daɗe a cikin gasar ba a fitar da mu ba, ba don muna da gwanayen zura ƙwallo ba, sai don bayanmu a rufe yake. Masu tsaron baya huɗu gare mu da suka girma tare, yayanku Nasiru ne kyaftin, yana buga lamba biyar a tsakiya. A damina ɗaya uku suka tafi. Ɗaya ya shiga soja, ɗaya ya bi kawunsa Legas, na ukun ya yi aure ya ce surukinsa ba ya son ganinsa da gajeren wando. Aka bar Nasiru shi kaɗai, yana ɗan shekara ashirin da biyar.

Alhaji Sani mai hatsi shi ne uban ƙungiya, shi ke saya mana riguna, shi ke ɗaukar mana bas idan za mu fita. Ya kira ni rumfarsa a kasuwa, ya sa aka kawo mini kunun zaƙi.

"Malam Idi, akwai 'yan baya a Kano da ake haya, sun san aikinsu. A kawo uku su rufe mana bana."

"Baɗi fa, Alhaji?"

"Baɗi ma a kawo su."

Na ce masa ya yi haƙuri ya ba ni wata biyu. Ɗan haya ranar wasa kawai yake zuwa, ba ya sanin sunan golansa, kuma ran da wani ya fi mu ba shi, ran nan zai tafi. Alhaji bai gamsu ba, amma ya ce in gwada.

'Yan gefe biyu na ɗauko su daga cikin ƙananan yaranmu. Na tsakiya ne suka ba ni wahala. Na je Roni gaisuwar rasuwa, a kan hanyar dawowa na tsaya bayan wata sakandare inda yara ke buga ƙwallo. Na ga wani dogon yaro siriri, ba takalmi, wanda ban ga ya yi gudu ko sau ɗaya ba, amma duk inda ƙwallo ta sauka yana nan tsaye yana jiranta. Sunansa Bello, mahaifinsa Malam Buba makiyayi ne da ya zauna yana noma a gefen gari. Na biyun kuma wani abokina malamin makaranta ne ya aiko mini da shi daga Babura, Modu, kakanninsa daga Barno suka zo, mahaifinsa na sana'ar shanu a kasuwa. Modu ƙirji gare shi kamar ƙofar zaure, ba ya tsoron sa kai a ko'ina, kuma ya zo Kazaure zama wurin gwaggonsa yana koyon ɗinki. Dukansu shekara goma sha bakwai. Babu wanda ya taɓa buga wasa a gaban jama'ar da ta wuce 'yan ajinsu.

Tun a atisaye na gane inda matsalar take. Modu gaggawa ce ke cinsa. Da ya ga ɗan gaba ya taho da ƙwallo sai ya zube ƙasa ya miƙa ƙafa, in ya dace ya ɗauke, in bai dace ba an wuce shi an bar shi kwance. Bello kuwa yana ganin komai kafin ya faru, amma ba ya magana. Mai tsaron baya na tsakiya shi ke ganin fili gaba ɗaya, dole ya riƙa cewa wannan ya koma, wancan ya matso, gola ya fito. Bello an rene shi a gidan da yaro ba ya ɗaga murya a gaban wanda ya girme shi da shekara ɗaya. Zai ga an bar ɗan gaba ba kowa a kansa, sai ya matsa kusa da Nasiru ya ce a hankali, "Yaya, da ka duba can." Kafin ya gama an ci mu.

Wasanni biyu na farko na sa Nasiru a tsakiya da ɗaya daga cikinsu. Ba a ci mu ba, jama'a suka ce ai komai lafiya. Ni kaɗai nake ganin abin da ke faruwa. Nasiru ne ke buga gurbin mutum huɗu. Shi zai tare a dama, ya ruga hagu, ya dawo ya sa kai, yana yi yana yi musu tsawa. Yaran sun daina kallon abokan hamayya, shi suke kallo, suna jiran ya gaya musu inda za su tsaya.

Wata Alhamis da azahar na dawo daga makaranta na tarar da Innarku a tsakar gida tana tsince wake. Ta ce in zauna. Kun san ba ta kama sunan Nasiru, kasancewarsa ɗan fari.

"Malam, yaron nan naka ya je asibiti shekaranjiya."

"Me ya same shi?"

"Gwiwar nan ta dama. Kullum bayan wasa ni nake dafa masa ruwa yana gasawa a ɗakinsa. Likita ya ce jijiya ce ta ciki ta taɓu, in bai huta shekara ba, wata rana da sanda zai yi tafiya. Ya roƙe ni kada in gaya maka."

Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Ban taɓa fasa masa amana ba sai yau. Ka yi abin da za ka yi, amma kada ya san daga bakina ka ji."

Na ce mata na ɗauki alkawari. Kwana biyu ina juya abin. In na ce masa saboda gwiwa ne, zai gane uwarsa ce ta faɗa, don babu wanda ya sani sai ita. Sai na ɗauki ɗaya dalilin, wanda shi ma gaskiya ne, na tsaya a kansa. Kuskuren da na yi shi ne wurin da na faɗa. Da na kira shi zaure mu biyu, da ya fi. Amma na ji tsoron in muka zauna mu biyu zai roƙe ni in kasa, don haka na bari sai ranar Asabar a fili, a gaban 'yan wasa duka, na karanta sunayen waɗanda za su buga a Babura. Bello lamba biyar, Modu lamba shida.

"Baba, ban ji sunana ba."

"Kana benci. Muddin kana ciki, yaran nan ba za su girma ba."

Ya kwance ƙyallen kyaftin daga hannunsa ya miƙa wa gola, ya ɗauki takalmansa ya hau babur ɗinsa. Daga ranar ya daina cin abinci tare da ni. Da safe zai durƙusa a ƙofar ɗakina ya gaishe ni kamar yadda ya saba, in amsa, ya tashi ya tafi shagonsa na gyaran waya. Iyakar maganarmu ke nan har wata uku. Ku da kuke ƙanana kuna tambayar me ya sa Yaya ba ya dariya a gida, Innarku tana cewa aiki ne ya yi masa yawa, ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba.

A Babura aka zura mana huɗu. Modu a garinsu ne, mahaifinsa da abokan kasuwarsa suna bakin fili, ya so ya nuna kansa, ya zube ƙasa sau uku, sau uku ana tsallake shi. Ta huɗun ma shi ya ci gida da ka. Mako na gaba a filinmu aka ci mu biyu, 'yan kallo a kan dutse suna kiran sunan Nasiru, wani ya ce in mayar da makiyayin nan wurin shanunsa. Alhaji Sani bai kira ni rumfa ba a wannan karon, a kan hanya ya tare ni.

"Mutum yana da ɗa irin Nasiru ya ajiye shi? Wasa uku na ba ka. In ba a gyara ba, ko ka dawo da shi, ko in kawo 'yan Kano da kocinsu."

Ranar Litinin Bello bai zo atisaye ba, Laraba ma haka. Na hau babur na tafi Roni. Na same shi a gona yana ɗaure karan dawa, mahaifinsa na zaune a inuwa. Bayan mun gaisa na ce wa Malam Buba ɗansa ya fi duk wanda na taɓa horarwa ido, abu ɗaya ya rage, ba ya iya ba na gaba da shi umarni. Dattijon ya yi murmushi ya ce haka suka koya masa. Na ce haka ya kamata, amma a cikin fili shirunsa cutar da 'yan'uwansa yake yi. Sai ya kira Bello, ya yi masa magana da Fulatanci, ya juyo ya fassara mini da kansa.

"Na ce masa in ya ga wuta ta kama rigar babba, ba zai tsaya gaisuwa ba. In an fita daga fili ya durƙusa ya gaishe su. A ciki, na yafe masa."

Daga nan na sake tsarin atisaye. Na hana kowa magana a fili sai 'yan baya huɗu. Na ce duk wanda Bello ya kira da "Yaya" a cikin wasa, ƙungiya duka za ta zagaye fili sau biyu. Ranar farko mun zagaye har ƙafafu suka yi nauyi, manyan da kansu suka koma roƙonsa ya kira su da sunansu. Modu kuma na ɗaure masa hannuwa a baya da tsohon ƙyalle, na sa 'yan gaba suna tahowa kansa ɗaya bayan ɗaya, don wanda hannunsa ke ɗaure ba ya sha'awar faɗuwa. Ya koyi ja da baya, ya koyi jira. Amma da an zo ranar wasa jama'a sun fara ihu, sai ya manta.

A Gwiwa na fara jin muryar Bello. An bugo kwana, golanmu, wanda ya girme shi da shekara goma, ya tsaya a raga yana shakka. Sai muka ji wata tsawa da ba mu san mai ita ba. Da Fulatanci ya yi ta, don abin ya zo masa ba shiri, babu wanda ya fahimci kalma ɗaya, amma gola ya fito da gudu ya cafke ƙwallon a sama. Muka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Da aka busa tashi Bello ya je ya durƙusa gaban golan yana ba shi haƙuri, golan ya ɗaga shi yana dariya ya ce gobe ma ya zage shi da kowane yare ya ga dama. Wasan da ya biyo baya muka ci ɗaya a gida. Alhaji Sani bai sake maganar 'yan Kano ba, ko da yake bai daina haɗe rai ba.

A ranar wannan wasan ne wani mutum daga wata babbar ƙungiya ya zo kallo, yana neman 'yan baya. Tun shekarar da ta wuce aka ba shi labarin Nasiru, shi ya zo gani. Ya tambaye ni ina lamba biyar ɗin da aka gaya masa, na ce yana hutu. Ya rubuta sunan Bello a takardarsa ya tafi. Labari ya kai shagon Nasiru kafin magariba. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ita ce damar da ya yi shekaru yana jira, kuma ba ta sake zuwa ba. Washegari da ya zo gaishe ni bai ɗaga kai ba, ni ma ban iya duban fuskarsa ba. Innarku ta ce in bari ta gaya masa gaskiya. Na ce a'a. Ya riga ya rasa ƙwallo, ya yi fushi da uba, ba zan bari ya rasa wadda yake kai wa damuwarsa ba.

Ban san Nasiru yana zuwa kallo ba sai da wani ya nuna mini shi can saman dutse, a gefe, da hula ya rufe fuska. Wasanmu na ƙarshe a gida, kafin a tafi hutun rabin lokaci, Modu ya sake zubewa aka wuce shi aka ci mu. Muna zaune a ƙasa ina musu magana sai na ga 'yan wasa sun daina kallona. Nasiru ne ya sauko. Bai dube ni ba, ya wuce kai tsaye ya tsuguna gaban Modu.

"Me kake kallo in ya taho?"

"Ƙwallo, Yaya."

"Shi ya sa yake ruɗa ka. Ƙafarsa za ta yi maka ƙarya, ƙugunsa ba zai yi ba. Kalli ƙugu. Ka tura shi gefen da ƙafarsa ba ta da ƙarfi, ka bar Bello ya ɗauke. Ba kai kaɗai ba ne a bayan nan."

Wata biyu ina neman yadda zan faɗa wa Modu wannan ban samu ba, don ni ban taɓa tsaron baya ba, gola na yi a zamanina. Aka koma, Modu bai sake taɓa ƙasa ba, muka farke. Ranar Litinin Nasiru ya zo atisaye da dogon wando, ya ja 'yan baya huɗu gefe guda ya yi ta aiki da su. Bai nemi izinina ba, ni ma ban hana shi ba.

Wasan ƙarshe a Roni ne, garin su Bello, kuma lissafin a fili yake: in aka ci mu mun fita daga gasa, in muka riƙe kunnen doki mun tsira. Suna da wani ɗan gaba gajere mai gudu wanda ya fi kowa zura ƙwallo a shekarar. Malam Buba ya zo da sandarsa ya tsaya a bayan raga, karo na farko da ya taka filin ƙwallo. Tun da aka busa suka danne mu a gida. Na tsaya a bakin layi ina ji, muryar Bello ce ke tashi sama da hayaniyar jama'a, yana kiran kowa da sunansa, yana fitar da layin baya gaba ɗaya a lokaci guda har sau biyar ana kama su da satar gida. Saura kaɗan a tashi ɗan tsakiyarmu ya zubar da ƙwallo, gajeren nan ya ɗauka ya taho, babu kowa tsakaninsa da gola sai Modu. Na ga gwiwar Modu ta lanƙwashe kamar zai zube, sai ya miƙe. Ya ja da baya, ya ja da baya, yana tura shi hagu, har Bello ya iso ta bayansa ya zare ƙwallon ya buga ta waje. Aka tashi babu ci.

Ba mu ɗauki kofi ba a shekarar, na biyun ƙarshe muka zo. Amma waɗannan yara huɗu sun yi shekara biyar tare, kuma a cikin shekarun nan sau biyu kofi ya kwana a rumfar Alhaji Sani. Bello ya tafi babbar ƙungiyar nan ya buga shekaru, ya dawo ya gina wa mahaifinsa gida a Roni. Modu yana da shagon ɗinki a Babura, da yamma yana horar da yara. Nasiru bai sake buga wasan gasa ba. Ya huta shekarar, da ya dawo sai ya ga gurbinsa ya cika, ya ce ba zai ture yaran da ya koyar ba. Yau yana hawa dutsen nan da ƙafarsa yana ɗauke da ɗansa a kafaɗa. Ko babbar ƙungiyar za ta ɗauke shi da gwiwar nan, Allah ne ya sani. Abin da na sani shi ne na kunyata shi a gaban abokansa alhali akwai hanyar da ta fi, kuma a nan nake neman gafararsa a gabanku duka.

A hanyar dawowa daga Roni ran nan, direba ya tsaya a wani ƙauye don sallar magariba. Yara suka sauka suna ta surutu, Modu yana nuna wa kowa yadda ya tsaya. Na koma gefe na tsuguna zan yi alwala, na ɗaga butar na ji ba ruwa. Kafin in miƙe sai ga wata buta an miƙo ta saman kafaɗata. Nasiru ne. Ya tsuguna yana zuba mini ina wanke hannu, har na wanke ƙafa.

"Baba, na hagun nan har yanzu ba ya duba bayansa."

"Na gani."

"Ka ba ni su safiyar Asabar da Lahadi, su huɗun. Kafin girbin baɗi za ka ga abin da za su zama."

Na ce na ba shi. Ya ajiye butar, ya shimfiɗa mini rigarsa ta sama a ƙasa don babu tabarma, ya juya ya kira yaran su zo su yi sahu.